Silon Motar Kawu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fatan kuma aikin asibiti yana zuwa da sauƙi. Mu nan lafiya, sai tari da ya ɗan taɓa ni, ya kuma sake ni. Mahaifanki, Kawu da Gwaggo, na same su cikin ƙoshin lafiya.

Kin nemi in je in ga abin da Gwaggo ta gaya miki game da motar Kawu, tunda ni ne dangin da ya fi kusa da su a garin nan, ko da yake zumuncin namu sai an bi ta kan kakanni kafin a same shi. Na zaɓi rubutu a kan kira, domin a waya nakan faɗi abin da ban auna ba. Ga abin da na gani.

Na isa ranar Asabar da hantsi. Tun daga bakin layi nake jin ƙarar inji. Motar tana tsakar gida, gabanta na duban ƙofar ƙarfe. Kawu ya buɗe bonet, ya shimfiɗa tsohon buhu a gefe, ya jera sifanu a kai bisa girmansu. Ya ɗauki doguwar sukudireba, ya dafa bakinta a jikin injin, ya kanga kunnensa a kan mariƙinta, ya lumshe ido. Sannan ya juya wani ɗan sukuru a jikin kafireta, inda mai yake haɗuwa da iska. Ya bayyana mini cewa shi ne sukurun silo, wato wanda yake ƙayyade saurin juyawar inji idan mota tana tsaye ba a taka totur ba. Duk juyin da ya yi, ƙarar sai ta ƙaru.

Ya ce, "Ka ji ta, Ma'auni? Yanzu ta fara magana."

Na ce na ji ta.

Ya ce, "Ku 'yan jami'a sai kun gani a takarda. Mu da muka tsufa a kan sitiyarin babbar mota, inji da bakinsa yake gaya mana ciwonsa."

Ya rufe bonet, ya shiga domin ya fitar da ita. Gwaggo tana shanya a kusa da ƙofa. Na lura ta ɗauke bokitinta ta koma bakin ɗaki tun kafin ya rufe murfin motar. Ya sa giya, ya saki kuloci a hankali yadda ya kamata, amma motar ta yi tsalle gaba, ta daki duron ruwan da ke gefen ƙofa. Duron ya lotsa, ruwa ya malale, fitilar dama ta tsage. Babu wanda ya ji ciwo. Kawu ya fito ya duba, ya ce kuloci ne ya tsufa.

Ranar Litinin, bayan na tashi daga aiki a ɗakin gwajin ruwa, na biya wani babban gareji inda ake saitin inji da na'ura. Abin da suka nema ya kusa kuɗin man da Kawu yake sha a wata. Da na gaya masa sai ya ce, "In ba da kuɗin man wata guda don a juya sukurun da nake juyawa kyauta? Kuɗin nan 'yata ba haƙo su take yi ba."

Maganarsa tana da fuska. Sai dai Gwaggo ta raka ni ƙofa ta ce man da a da yake kai su ƙarshen wata, yanzu ba ya kai su. Don haka kalmar "kyauta" tana bukatar a sake duba ta.

Na taka kulocin da ƙafata, ban ga laifinsa ba. A gaskiya ban ga laifin motar ba. Sauran kuwa ban sani ba tukuna.

Ƙaninki,
Ma'auni

*

Ma'auni ƙanena,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, autar ce kawai take fitar da haƙori, ta hana kowa sakat. Allah ya ƙara sauƙin tarin. Ka sha magani ko shi ma sai ka kai shi ɗakin gwaji?

Na karanta wasiƙarka a ɗakin hutun ma'aikata, abokiyar aikina ta leƙo ta ga tsarinta ta ce, "Wa ya kai ki kotu?" Kana nan dai yadda na san ka. A tambaye ka ko ana ruwa, sai ka ce bari ka miƙa hannu waje tukuna.

Na turo kuɗin garejin. Ka kai motar a yi mata duk abin da ya dace. Kada ka tayar wa Baba da maganar kuɗi. Na san ba za ka yi ƙarya ba, to ka yi shiru, wannan kam kai gwani ne.

Ka sani cewa Mai Haƙuri, haka Baba yake kiran motar, da kuɗin sallamarsa daga aiki ya saye ta. Da ita yake kai Inna kasuwa, da ita yake kai maƙwabta asibiti, da ita yake zagaya abokansa da ƙafa ta gaza musu. Wanda ya raba shi da motar nan ya raba shi da ƙafafunsa. Ba na son in zama ni ce. Amma 'ya'yan mutane suna wasa a bakin ƙofar nan. Yau duro ne, gobe fa?

Sai wata magana. Ka ce ba ka ga laifin motar ba. To laifin wa ka gani? Ka daina ba ni magana da cokalin shayi.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da mutanen gida, Allah ya raya auta ya sauƙaƙa mata. Tarin ya tafi. Kawu da Gwaggo suna lafiya.

Mun kai motar. Kawu ya yarda ne da sharaɗin zai zauna ya ga abin da za a yi mata, domin a cewarsa ba a barin mara lafiya da baƙon likita.

Wurin yana da tsabta, an shafe ƙasansa da siminti, kayan aiki a rataye kowanne a ƙusarsa. Mai garejin dattijo ne mai gilashi, ba shi da yawan magana. Ya maƙala wata waya a jikin wayar filogi, ya zura wani bututu a salansar motar, inda hayaƙi yake fita, sai allura ta tashi a fuskar na'urarsa. Ya ce silon ya kusa ninki biyu na abin da ya kamata, shi ya sa motar take tsalle, shi ya sa kuma take zuƙar mai. Ya canza filogai, ya wanke kafireta, ya sauke silon har allurar ta zauna inda yake so.

Na tambaye shi dalilin tsadar aikin. Ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba, Malam. Aikin hannun, tsohon naka zai iya duka. Na'urar nan ce ba shi da ita, ni kuma kuɗinta nake fanshewa."

Da aka gama, injin yana juyawa a hankali, har muna magana a gefensa ba tare da ɗaga murya ba. Kawu ya taso daga benci, ya zagaya motar, ya ce wa mai garejin, "To, tayar da ita mana mu ji."

Mai garejin ya ce, "Baba, ai a tashe take."

Kawu ya ce, "Na sani. Gwada ka nake yi."

Ya fito da sukudirebarsa ya dafa a jikin injin. Ya daɗe. Ya matsar da ita wani wurin, ya sake daɗewa. Sannan ya miƙe ya ce, "Kun kashe mata rai." Ni na tuƙo ta gida. Tafiyarta lafiya lau, babu tsalle ko kaɗan.

Abin da ya biyo baya, wani na gani, wani Gwaggo ce ta gaya mini, zan kuma bambance.

Na gani: washegari ya shiga motar, ya murɗa makulli, ta tashi. Ya zauna jim kaɗan, sai ya sake murɗa makullin alhali injin yana aiki. Kik ɗin, wato abin da yake tayar da inji, ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya saki, ya sake murɗawa. Na ƙwanƙwasa gilashi na gaya masa a tashe take. Ya ce garejin ne suka lalata masa kik.

Gwaggo ta gaya mini: ya yi ta yin haka har kik ɗin ya mutu. Ya sayo wani ya ɗaura da kansa. Daga nan ya mayar da sukurun silo inda yake a da, ta ce har ya zarce.

Na gani: jiya na je, na sake jin ƙarar tun daga bakin layi. Ya ce mini, "Na gyara ɓarnar abokinka." Yana cikin nishaɗi.

Don haka kuɗin garejin sun tafi a banza, an ƙara da na kik, man kuma ya koma ƙarewa da wuri. Ban ga amfanin a sake kai ta ba, domin za a sake kwance aikin a tsakar gida.

Kin tambaye ni laifin wa na gani. Ina da zato, amma ba zan rubuta shi ba sai na tabbatar, domin zato ne a kan jikin mutum, ba a kan ƙarfe ba.

Ƙaninki,
Ma'auni

*

Ma'auni,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ni dai tun da na karanta wasiƙarka abinci ba ya shiga.

Ba sai ka rubuta zatonka ba, na gane. Ina ganin irinsa kullum a ɗakin tsofaffi. Mutum ya manta an tayar da mota a gabansa. Ya tayar da kansa ya manta, ya sake murɗawa. A gaya masa ya musa, ya ɗora wa wani. Ya kwance abin da aka gyara ya ce shi ya gyara. Haka mantuwar tsufa take farawa. Kai kana ƙarami lokacin, amma haka ta fara wa kakana, mahaifin Baba, har ya kai ga fita gida ya kasa gane hanyar dawowa. Yanzu na tuna ma, in na kira waya Inna ce take ɗauka, shi sai 'yan kalmomi, wani lokacin in tambaye shi abu ya amsa mini wani.

Mai irin wannan ciwon ba ya tuƙi. Ka karɓe makullin. Ka ce ni na ce, ya yi fushi da ni, na ɗauka. Idan motar tana tsakar gida zai nemo hanyar tayar da ita, ka san shi, don haka sayar da ita za a yi. Maigidana ya san wani dillali a garinku.

Allah ya sani ba da son raina ba. Ka amsa mini da wuri.

Yayarka

*

Ma'auni,

Ina fatan kana lafiya, tunda ba ni da hanyar sani. Wayarka ba ta shiga, wasiƙa ba amsa. Na ɗauki shirunka a matsayin na faɗi abin da kake jin nauyin faɗa. Dillalin zai zo ƙarshen wata. Idan ba za ka iya karɓar makullin ba ka faɗa, in nemi izini a wurin aiki in zo in yi da kaina.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyata ƙalau. An tura mu ɗibar ruwan rijiyoyi a ƙauyukan da waya ba ta kaiwa, sai da na dawo na tarar da wasiƙunki biyu tare. Shiruna ba amsa ba ne. Na kuma ga cewa jimlata ta ƙarshe ta bar miki fili mai faɗi. Ki yi haƙuri. Zatona ba shi ne naki ba.

Tun da na dawo nake zuwa gidan da yamma. Ga abin da na gwada.

Na zauna ina fuskantar Kawu, na tambaye shi hanyoyin da ya bi da babbar mota. Ya jero mini garuruwan bi da bi, da inda gada take, da inda ake shan mai. Na tambaye shi abin da mai garejin ya canza, ya faɗa duka, har da wanda ni na manta. Magungunan Gwaggo shi yake tuna mata lokacinsu. Duk wannan babu tuntuɓe.

Sannan na tashi kamar zan sha ruwa, na tsaya a bayansa, na kira shi da muryar da nake magana da ita kullum. Bai juyo ba. Na ce masa tayar motar ta sace. Bai motsa ba. Na dawo gabansa na maimaita, ya zabura zai fita.

Daga nan na fara lura da abin da yake gabana tun ranar farko. Rediyon gidan a ƙure yake. Gwaggo ba ta yi masa magana sai ta taɓa kafaɗarsa ya juyo. Ni kaina, ashe a gidan nan da ƙarfi nake magana ban sani ba, domin haka na tarar ana yi.

Kunnen Kawu ne ya yi nauyi, Yaya. Da kunne yake saita inji, yana juya sukurun har sai ya ji ƙarar da ya saba ji, ita kuwa ƙarar kullum tana ƙara yi masa nisa. Da aka sauke silon, ya daina jin injin kwata-kwata, shi ya sa yake sake murɗa makulli.

Na sami Gwaggo a kicin na gaya mata. Ba ta daina yankan albasarta ba. Ta ce, "Tun bara waccan na sani."

Na ce me ya hana ta faɗa.

Ta ce, "In faɗa wa wa? Mutumin da kunnensa ne tinƙahonsa? Direbobi har gida suke kawo masa mota ya saurara. Ita yayar taka in ta kira, ni nake tsayawa a gabansa ina maimaita masa da leɓe. In na juya ɗauko wani abu, sai ya amsa mata abin da ya ga dama."

Na nuna mata wasiƙarki. Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Sayarwa? To je ka gaya masa. Ni bakina ba zai iya ba."

Na same shi a zaune a bakin ɗaki yana goge filogi. Na jawo kujera na zauna inda zai ga bakina sosai. Na ce kin ce a karɓi makullin.

Ya ce, "Ta ce na haukace ko?"

Na ce ba ki ce haka ba, tsoro kike kada ciwon mahaifinsa ne ya kama shi.

Ya ajiye filogin. Sannan ya ce, "Ni na yi jinyar tsohon nan. Ni nake bin layi-layi ina nemansa. Wannan abin yarinyar nan take kwana da shi a ranta?"

Na ce e.

Ya ce, "Kai kuma me ka gani, mai awo?"

Na ce na ga ba ya jin abin da aka faɗa a bayansa.

Ya ce, "Ai gulma ake yi a baya, ban yi asara ba." Ya yi 'yar dariya shi kaɗai. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin, ya ajiye a kan gwiwata. Ya ce, "Riƙe. Gara ta san kurma ta haifa... a'a, kurma ya haife ta. Ka kai ni inda ake auna kunnen. Amma ka gaya mata, in dillali ya tako gidan nan, da sifana zan tare shi."

Makullin yana wurina. Ni ba likita ba ne, ke kin fi ni sanin wannan fanni, don haka ban ce zatonki ba zai yiwu ba. Abin da na ce shi ne duk abin da na gani, kunne kaɗai ya isa ya bayyana shi. Ina roƙon ki dakatar da dillalin har likita ya yi magana.

Ƙaninki,
Ma'auni

*

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, haƙorin ya fito, gida ya huta.

Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ni da nake yi wa tsofaffin mutane magana a kunne kullum, ban tuna da kunnen ubana ba. Tsoro ya rufe mini ido. Inna kuwa, ka bar ni da ita, za mu yi tamu a waya.

Na dakatar da dillalin. Ka sa likitan ya duba kunnen, ya kuma duba ƙwaƙwalwar, kada a bar ni da rabin kwanciyar hankali. Idan an ce sai na'urar ƙara ji, a saya, zan turo. Sharaɗina ɗaya ne: makullin ba zai koma hannun Baba ba sai likita ya ce zai iya tuƙi, sai kuma allurar mai gilashin nan ta yarda da silon. In an cika waɗannan, kai ne wakilina, ka ba shi.

Ka ce masa sifanarsa ta huta. Kuma nan gaba in kana da zato ka faɗa mini ko ɗanye ne, ni zan dafa abina.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. Mu nan lafiya. Gwaggo ta ce in gaya miki tana jiran kiran naki, ita ma tana da nata.

Mun je asibiti sau biyu. A zuwan farko likita ya auna kunnuwan, ya ce dukansu sun yi nauyi, na dama ya fi, kuma shekarun da ya yi a gefen inji suna da hannu a ciki. Ya yi masa tambayoyin ƙwaƙwalwa, Kawu ya amsa duka, ya kuma tambayi likitan wace irin mota yake hawa, ya gaya masa ciwonta. Likitan ya ce bai ga alamar abin da kike tsoro ba. Takardarsa tana tare da wannan wasiƙa.

A zuwa na biyu aka saka masa na'urar. Likita ya ce da ita a kunne babu abin da zai hana shi tuƙi. Ni na tuƙa mu, silon yana nan yadda Kawu ya bar shi, domin ban taɓa shi ba.

Da muka fito wurin ajiye motoci, Kawu ya yi ta waiwaye. Ya ce takalmina yana da ƙara, ya kamata in canza. Na shiga na tayar da motar, shi da Gwaggo suna tsaye a gaban bonet. Ya ja da baya, ya toshe kunnensa da hannu, ya yi mini alama in kashe.

Ya ce, "Wane ne ya yi mata wannan ɗanyen aiki?"

Gwaggo tana bayansa, ba ta taɓa kafaɗarsa ba. Da ƙaramar murya ta ce, "Kai ne, Malam."

Ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Ashe muryarki tana nan."

Ya buɗe bonet a nan wurin, ya sa na sake tayar da ita, ya yi ta sauke sukurun har injin ya kwanta. Daga can muka wuce gareji. Mai garejin ya maƙala wayarsa, allurar ta nuna silon ya ɗan haura kaɗan. Kawu ya ce na'urar ce take ƙarya. Mai garejin ya miƙa masa sukudireba ya ce, "Baba, ka juya da hannunka kana kallonta, in ta yi ƙarya ka kama ta." Ya juya yana kallo har ta zauna. Bai ce ta yi gaskiya ba, bai kuma sake cewa ta yi ƙarya ba.

Sun yi yarjejeniya. Filogi, baƙin mai da wankin kafireta, Kawu zai riƙa yi a gida. Sau ɗaya a shekara zai kawo ta a auna, ya biya kuɗin awo kawai, wanda bai kai rabin na farko ba. Sun yi ciniki mai tsawo, Kawu yana cewa na'urar ai ta riga ta fanshe kanta a jikin 'yarsa.

Game da maganar "kyauta" da muka fara da ita, ra'ayina shi ne aikin gida ya fi araha matuƙar akwai abin da zai gaya wa mai aikin inda zai tsaya. Da babu shi, ya ci duro, ya ci fitila, ya ci kik, ya ci mai, ya kuma kusa cin motar.

Sharuɗɗanki biyu sun cika, don haka na miƙa masa makullin a ƙofar garejin. Ya yi dariya ya karɓa. Shi ya tuƙo mu gida. Ya shiga ƙofar ƙarfe a hankali, ya tsaya daidai inda ya saba.

Ƙaninki,
Ma'auni

Gyara: na rubuta cewa ya yi dariya da ya karɓi makullin. Na sake tunani, ba haka aka yi ba. Gwaggo ce ta yi dariya. Shi ya karɓa ne ya juya mana baya, ya daɗe yana goge gilashin gaba da hannun rigarsa, alhali gilashin ba shi da datti. Ban ga fuskarsa ba, don haka ba zan ce komai a kanta ba.